Juice Crew ko Boogie Down Productions: da wa ya kamata ka fara?

Ɗan yayata ne ya jawo wannan rubutu. Ya dawo daga wajen masu tura waƙa a waya da wata tsohuwar gambarar Amurka, an liƙa mata suna wai Big Daddy Kane da KRS-One, ya kunna mini yana tambayar wace ce muryar KRS a ciki. Fiyanon farko na sauka na san "The Symphony" ce ta shekarar 1988. Na ce masa yaro, babu KRS a nan, kuma a wancan lokacin ba zai yiwu a same shi a nan ba. Kamar a ce maka an ga ɗan damben Guramada ya naɗe hannu a layin Kudu ne. Waƙar ta Juice Crew ce, shi kuwa KRS bakin Boogie Down Productions ne, waɗanda ake taƙaita sunansu da BDP, kuma a lokacin ba su daɗe da gama yi wa Juice Crew ruwan zambo ba.

Sai ya ce, "To kawu, cikin biyun da wa zan fara? Datata ba ta da yawa, kuma ga karatu."

Tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye a ƙofar gida. Duk wanda ya fara leƙa gambarar New York ta tsakanin 1986 da 1992 sai ya iske kansa a wannan mararraba, kuma yawancin masu ba da shawara suna amsawa ne da son zuciya, kowa ya ja ka gidan da ya taso yana so.

Abin da zan auna su da shi

Na farko kuɗi. Ko ta intanet kake sauraro ko faifai kake saye, tambayar ɗaya ce: kundi nawa za ka bi kafin ka ce ka san ƙungiyar? Waƙa mai matsakaicin inganci tana cin kusan megabait ɗaya a minti ɗaya, wato kundi mai minti 50 zai lashe maka kimanin megabait 50. Bidiyo kuwa ninkin-ba-ninkin haka ne. Kenan yawan kundi shi ne farashi.

Na biyu ƙarko. Wata waƙar tana tashe a shekararta, bayan shekara 35 ka ji ta kamar tuwon jiya da ba a ɗumama ba. Wata kuma sai yanzu take ƙara daɗi.

Na uku sauƙi, kuma iri biyu ne: sauƙin samun waƙar, da sauƙin jin abin da ake faɗa. Turancin makaranta daban, Turancin unguwannin baƙaƙen fata na New York daban. Mai digiri ma yana iya zama kurma a gaban wasu baitocin.

Na huɗu haɗari: batsa, zancen bindiga, aƙidar da za ta iya rikita wanda bai san asalinta ba, da kuma kayan jabu ko masu sunan ƙarya irin wanda aka tura wa ɗan yayata.

Da gangan na ƙi saka "wa ya ci faɗan" cikin ma'aunai. BDP ne suka ci, wannan ko 'yan Queens, unguwar su Juice Crew, ba su cika musu a kai ba. Amma wanda ya kayar a dambe ɗaya ba lallai ne shi ya fi iya dambe ba, kuma kai kunnenka za ka ciyar, ba kofi za ka raba ba.

Mafarin rigimar, a gurguje

Juice Crew sun taru ne a hannun mutum biyu: Mr. Magic, mai shirin Rap Attack a gidan rediyon WBLS, wanda ake yi wa laƙabi da Sir Juice, daga nan ƙungiyar ta samo suna. Da Marley Marl, mai haɗa kiɗa, ɗan Queensbridge, rukunin gidajen gwamnati mafi girma a Amurka. A 1986 MC Shan ya fitar da "The Bridge" a kan kiɗan Marley, yana kirarin unguwarsu da yadda harkar ta fara a can.

A can Bronx kuwa akwai wani matashi, Lawrence Parker, da ke kwana a gidan marasa galihu na Franklin Avenue, inda ya haɗu da wani ma'aikacin jin daɗin jama'a mai suna Scott Sterling. Su ne suka zama KRS-One da Scott La Rock. KRS ya sha faɗa cewa sun taɓa kai wa Mr. Magic waƙarsu ya yi watsi da ita, abin ya tsaya musu a rai. Da "The Bridge" ta fito sai suka samu ƙofa. Suka ce Shan na da'awar a Queens aka haifi hip-hop, alhali kowa ya san daga Bronx ta fito, daga shagalin da DJ Kool Herc ya yi a lamba 1520 Sedgwick Avenue ranar 11 ga Agusta 1973. Shan ya dage cewa tarihin unguwarsu kawai ya bayar, kuma duk wanda ya saurara da kunnen adalci zai ga yana da hujja. Amma mai neman kuka aka jefa da kashin awaki.

BDP suka saki "South Bronx", Kool DJ Red Alert na tashar Kiss FM, kishiyar WBLS, ya dinga juya ta. Shan ya mayar da "Kill That Noise". Sai KRS ya zo da "The Bridge Is Over" a 1987, da karin harshen Jamaika da ɗan fiyano mai sauƙi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da suna. Roxanne Shanté ta Juice Crew ta rama da "Have a Nice Day", Craig G ya caccaki Red Alert a "Duck Alert", amma magana ta riga ta ƙare. Ka lura, rabin faɗan na gidajen rediyo biyu ne masu neman masu sauraro.

Muryoyi huɗu na "The Symphony"

Kafin ka kashe ko sisi, ka gwada kunnenka da waƙar taron kowane ɓangare. Ta Juice Crew tana cikin kundin Marley Marl mai suna In Control, Volume 1. Kusan minti shida ce, babu amshin kirki, fiyano ne kawai da aka yanko daga "Hard to Handle" ta Otis Redding yake ta zagayowa, mutum huɗu suna karɓeɓeniya. Sun ma sauƙaƙa maka, domin a wurin miƙa makirufo sukan ambaci wanda zai karɓa.

Na farko Masta Ace, ɗan Brownsville a Brooklyn. Murya a kwance, kalma a bayyane, ba ya gaggawa, kamar malamin da ke biya wa ɗalibi karatu. Shi ne baƙo a cikinsu. Gasar gambara ya ci, kyautar ita ce lokacin ɗaukar waƙa a wurin Marley, kuma yadda ya sha bayar da labari, gurbin MC Shan ya samu da Shan ɗin bai shiga ba, sauran kuma kowa na nauyin farawa.

Na biyu Craig G, ɗan Queensbridge, yana da shekara 15 kacal a lokacin. Za ka gane shi da ƙuruciyar murya da zumuɗi. A ganina baitinsa ne mafi rauni a cikin huɗun, amma kada ka raina shi: shi ne ya zama gwanin gambarar nan-take, wadda ake ƙirƙira a tsaye ba rubutu, har ya rubuta wa abokan karawar Eminem baitoci a fim ɗin 8 Mile na 2002.

Na uku Kool G Rap, ɗan Corona a Queens. Ba a ɓatan sa. Yana da ɗan tsamin baki, harafin "s" yana fita da iska, kuma yana jera amsa-amo a cikin layi ɗaya, uku, huɗu, biyar, gaɓa biyu-biyu da uku-uku, har ka fara tunanin ta ina yake numfashi. Baitin da ya zo da shi ya yi tsawon da sai da aka rage. Idan ka ji wurin da kalmomi suka fara zubowa kamar an ɓalle bakin buhun gero, shi ne.

Na ƙarshe Big Daddy Kane, ɗan Bedford-Stuyvesant a Brooklyn. Murya mai kauri, mai sanyi, ta mutumin da ya san shi ne babban baƙo. G Rap yana cika kowane gurbi, Kane kuwa yana barin gurbi da gangan, ya dakata, ya saki habaici, ya bar ka ka yi dariya kafin ya ci gaba. Tun 1988 ake gardamar wanda ya fi tsakaninsa da G Rap a wannan waƙar. Ni ina wajen G Rap a fasaha, ina wajen Kane a iya tsayuwa gaban jama'a, kuma na san wannan amsar matsorata ce.

Waɗanda ba sa ciki, duk da masu saka suna a fayil kan cusa su: Biz Markie, Roxanne Shanté da MC Shan. Suna cikin kundin a wasu waƙoƙin daban.

Ta ɗaya ɓangaren: "Self Destruction"

BDP ba su da taron gida irin wannan, domin a gaskiya bakinsu ɗaya ne. Abin da ya fi kusa shi ne "Self Destruction" ta farkon 1989, ƙarƙashin sunan Stop the Violence Movement, wadda KRS da D-Nice, shi ma ɗan BDP, suka haɗa kiɗanta. An yi ta ne bayan an kashe wani matashi a wurin wasa a Nassau Coliseum a 1988, ga kuma raɗaɗin kisan Scott La Rock, wanda aka harbe a Bronx a watan Agusta 1987 yana da shekara 25, ya je sasanta rigimar da ta shafi D-Nice. Kuɗin waƙar ƙungiyar National Urban League aka ba.

Muryar Malcolm X ce ke buɗewa, sai KRS. Bayansa Delite na Stetsasonic, Kool Moe Dee, MC Lyte, Daddy-O da Wise, D-Nice, Ms. Melodie, Doug E. Fresh, Just-Ice, Heavy D, Frukwan, sannan Chuck D da Flavor Flav na Public Enemy su rufe. Hanyar ganewa mafi sauƙi ita ce ka kafa turaku. Mata biyu ne: ta farko mai ɗan dishi-dishin murya Lyte ce, ta biyu Melodie, matar KRS a lokacin. Mai cewa bai taɓa gudun 'yan Ku Klux Klan ba, don haka bai kamata ya gudu daga baƙar fata ɗan'uwansa ba, Kool Moe Dee ne. Mai murya kamar tsawa a ƙarshe Chuck D. Sauran sai ka cike tsakanin turakun. Heavy D kuwa ya ci gida biyu, domin yana cikin In Control ma, tare da Biz Markie.

'Yan BDP uku ne kawai a ciki, sauran baƙi ne. Wannan kaɗai ya nuna maka bambancin gidajen: ɗaya gidan gandu ne mai 'ya'ya maza da yawa, ɗaya kuma malami ne da almajiransa, in taro ya tashi sai ya gayyato maƙwabta.

Juice Crew a kan sikeli

A kuɗi su ne masu tsada, dalili kuwa ba su taɓa fitar da kundi ɗaya da sunan ƙungiya ba. Kowa da nasa a kamfanin Cold Chillin'. Kafin ka ce ka san su sai ka bi aƙalla takwas: Down by Law na Shan na 1987, In Control, Long Live the Kane da Goin' Off na Biz Markie, duk na 1988, It's a Big Daddy Thing da Road to the Riches na G Rap da DJ Polo na 1989, sai Wanted: Dead or Alive na su G Rap ɗin da Take a Look Around na Masta Ace na 1990. Ga kuma waƙoƙin Shanté a warwatse, tun daga "Roxanne's Revenge" da ta yi a 1984 tana da shekara 14. A ƙiyasce megabait 400 ke nan kafin ka maimaita ko ɗaya.

A ƙarko ne suka biya kuɗinsu. Marley na cikin waɗanda suka fara yanko sautin ganga guda-guda daga tsofaffin faya-fayai suna sake jera shi, gangar "The Bridge" ma daga "Impeach the President" ta Honey Drippers ta fito, kuma wannan dabarar ce ta zama tubalin kiɗan New York na shekarun 1990. Ka saurari "Raw" ko "Ain't No Half-Steppin'" na Kane, ko "Streets of New York" ta G Rap, ba za ka ji ƙura a jikinsu ba. Nas da Mobb Deep daga Queensbridge suka taso, Jay-Z kuwa Kane ne ya riƙa hawa da shi dandamali tun ba a san shi ba. Duk mai jera amsa-amon ciki a yau, ko ya sani ko bai sani ba, yana cin gadon G Rap da Kane. Sai dai ba duka gidan ne ya yi ƙarko ba. Kundin Shan ya tsufa ƙwarai. Kane kuma daga 1990 ya karkata ga waƙoƙin soyayya, har da haɗin gwiwa da Barry White, kuma nan ne ni dai na sauka daga motarsa.

A sauƙin ji, gidan ya rabu. Biz Markie ɗan barkwanci ne, "Just a Friend" da ta kai lamba 9 a jadawalin Billboard ko yaro zai bi labarinta. Ace ma ba wuya. Kane yana da sauri amma yana furta harafi. G Rap kuwa sai ka buɗe rubutun baitin a gabanka, ka saurara sau uku, sannan ka kama rabi.

Haɗarinsu na fili batsa ne. "Talk Like Sex" ta G Rap da "Pimpin' Ain't Easy" ta Kane ba na kunnawa a tsakar gida ba ne, balle a mota da iyaye. Kundin G Rap Live and Let Die na 1992 cike yake da labarin 'yan daba da kisa, har kamfanin Warner ya ƙi rarraba shi. Na ɓoye kuma shi ya fi shafar mu: za ka ji Kane ya yi sallama da Larabci a ƙarshen waƙa, ka ce a'a, ashe ɗan'uwa ne. Mabiyin Five Percent Nation ne, ƙungiyar da Clarence 13X ya kafa a Harlem a 1964 bayan ya fita daga Nation of Islam, kuma aƙidarsu ta cewa baƙar fata namiji shi ne abin bauta ba ta haɗa hanya da Musuluncin da ka karanta a Ahalari ba. Ka ji fasahar, ka bar musu tauhidinsu.

Akwai kuma tarkon masu tara faifai. Kundin Biz na 1991, I Need a Haircut, kotu ta sa an janye shi daga kasuwa bayan Gilbert O'Sullivan ya kai ƙara kan yanko "Alone Again (Naturally)" ba izini. Alƙali Kevin Thomas Duffy ya buɗe hukuncinsa da umarnin Attaura na kada ka yi sata. Bugun da ya biyo baya babu waƙar a ciki. Biz, da yake ba ya rabo da wasa, ya sa wa kundinsa na gaba suna All Samples Cleared!, wato an biya kowa haƙƙinsa.

BDP a kan sikeli

Nan hanya miƙaƙƙiya ce. Kundi biyar suka yi a ɗakin ɗauka: Criminal Minded a 1987, By All Means Necessary a 1988, Ghetto Music: The Blueprint of Hip Hop a 1989, Edutainment a 1990, da Sex and Violence a 1992, ban da na wasan dandamali guda a 1991. Biyun farko sun ishe ka sanin su waye, huɗun farko sun ishe ka gardama da kowa. Rabin kuɗin Juice Crew ke nan, ko ƙasa da haka.

Sauƙin ji kuwa babu na biyunsu a wannan zamanin. KRS yana kiran kansa malami, kuma haka yake furuci: da ƙarfi, dalla-dalla, yana tauna kowace kalma. Wanda ya gama sakandare zai bi "My Philosophy" ko "You Must Learn", inda yake jero sunayen baƙaƙen fata masu ƙirƙira da makarantun Amurka suka ƙi koyarwa. "Love's Gonna Get'cha" labari ne sukutum na yaron da talauci ya tura sayar da ƙwaya, daga samun kuɗin farko har ranar da 'yan sanda suka zagaye shi, kuma duk wanda ya ga yadda son abin duniya ke cin matasa a unguwa zai gane shi ba tare da tafinta ba. Matsalar gane murya ma babu, tunda kusan ko'ina shi ne.

Wannan ɗin kuma shi ne rauninsu. Murya ɗaya, kundi biyar, kullum ana yi maka wa'azi. Edutainment har da gutsattsarin lacca a tsakanin waƙoƙi, da muryar ɗan gwagwarmaya Kwame Ture a ciki. Ranar da kake son karatu za ka gode, ranar da ka gaji za ka ji kamar an tsare ka a aji bayan an tashi.

A ƙarko sai a raba kiɗa da magana. Kiɗan Criminal Minded ƙashi ne ba tsoka, ganga da ɗan gutsuren James Brown, wani wurin gitar AC/DC, da taimakon Ced Gee na Ultramagnetic MCs. Wasu wannan tsiraicin ne ke burge su, ni ma ina cikinsu, amma kunnen da ya saba da kiɗan yau zai ji wayam. Maganar kuwa ba ta tsufa ba, domin zaluncin 'yan sanda da ƙwaya da tarihin da aka binne duk suna nan. Haɗa gambara da salon Jamaika da suka yi ma ya yi 'ya'ya da jikoki.

Haɗarinsu yana kundin farko. Kada sunan malami ya ruɗe ka: a bangon Criminal Minded KRS da Scott ne zaune da bindigogi da harsasai, ciki akwai "9mm Goes Bang" da "Super Hoe", kuma abin da aka faɗa wa Shanté a "The Bridge Is Over" cin mutunci ne tsagwaronsa ga yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba. Bayan rasuwar Scott ne KRS ya juya, bangon kundi na biyu ma kwaikwayon hoton Malcolm X ne a bakin taga da bindiga. Ko bayan juyawar, mai wa'azin a daina tashin hankali shi ne ya hau dandamali a 1992 ya tunkuɗo Prince Be na P.M. Dawn ƙasa. Yana kuma da ra'ayoyinsa a kan addini da cin nama da yake faɗa kamar an saukar masa, ka ɗauke su a matsayin ra'ayin mutum ɗaya. Wajen saye, Criminal Minded ya fito ne a ƙaramin kamfanin B-Boy, an sake buga shi sau da dama da jerin waƙoƙi mabambanta, kuma akwai Man & His Music, wanda tarin tsofaffin waƙoƙi ne da aka sake gauraya kiɗansu, kada ka ɗauka sabon kundi ne.

| Ma'auni | Juice Crew | BDP |
|---|---|---|
| Kundin da za ka bi | kusan 8, na mutane daban-daban | 2 zuwa 4, a jere |
| Kuɗi ko data | mai yawa | kusan rabi |
| Ƙarkon kiɗa | mai ƙarfi, ban da na Shan | na farko ya bushe, na baya sun fi cika |
| Ƙarkon magana | fasahar jera kalma | saƙo da labari |
| Sauƙin Turanci | daga mai sauƙi zuwa mai wuyar gaske | mai sauƙi |
| Gane murya | sai an koya | murya ɗaya ce |
| Batsa da bindiga | a warwatse, musamman G Rap | a tattare a kundin farko |
| Waƙar gwaji | The Symphony | Self Destruction |

Kalma ɗaya ga mai sha'awar faifan garmaho. Da dala ake sayen bugun asali, ga kuɗin aikowa, sannan faifan roba ne: zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zai lanƙwasa shi in ka bar shi a mota ko jikin bango mai shan rana, ƙurar hunturu kuma ta cika masa layuka. In ba ka da ɗaki mai sanyi da haƙurin gogewa, ka tsaya a Spotify, wadda ta shigo Nijeriya tun 2021, ko YouTube, ka sauke abin da kake so lokacin garaɓasar dare. Can aƙalla sunayen mawaƙan suna zuwa daidai.

Wa ya dace da wa

In kai mai rubuta baiti ne, da Hausa ko da Turanci, kana son ka ga yadda ake saƙa amsa-amo a tsakiyar layi ba a ƙarshe kaɗai ba, tafi Juice Crew kai tsaye. Fara da Long Live the Kane, ka bi da Road to the Riches, ka riƙe biro. Tsadar ta cancanta.

In Turancinka na aji ne kuma kana son ka fahimci abin da kake ji tun daga ranar farko, ko datarka ta mako-mako ce, BDP. Amma ka fara da By All Means Necessary, ka koma Criminal Minded daga baya, in ka riga ka san inda mutumin ya dosa.

In don ka kunna a shago ko a mota da mutane kake nema, Ghetto Music da waƙoƙin Biz Markie sun fi aminci, su ma ka fara tacewa kai kaɗai.

Ke kuma mai son jin yadda mace ta tsaya a fagen da maza suka cika, Shanté tana gidan Juice Crew, kuma baitin Lyte a "Self Destruction" zai kai ki wani gidan na daban da ya cancanci ziyara.

Mai son rigimar kawai, waƙa biyar sun ishe shi, a wannan jerin: "The Bridge", "South Bronx", "Kill That Noise", "The Bridge Is Over", "Have a Nice Day". In ya gama ya nemi Hip Hop Lives na 2007, kundin da KRS da Marley Marl suka yi tare bayan shekara 20, da karawar waƙa ta shirin Verzuz ta Oktoba 2021 a Barclays Center, inda Kane da KRS suka tsaya a dandamali ɗaya.

Shi ɗan yayata, da yake jarrabawa na gabansa kuma Turancin nasa sai a hankali, By All Means Necessary na tura masa. Na kuma gyara sunan fayil ɗin nan, na ce ranar da ya iya nuna mini daidai daƙiƙar da G Rap ya miƙa wa Kane makirufo ba tare da ya leƙa waya ba, ya zo ya karɓi sauran takwas ɗin.